Zelinda Mai Yi Wa Zaki Wanka

Ban taɓa son Zelinda Montorsi ba, kuma ba zan fara yanzu don ta mutu ba. Mace ce doguwa, busasshiya, mai manyan hannuwa, wadda in ka ce mata ina kwana sai ta fara duba takalminka kafin ta ga ko ka cancanci amsa. Shagona na taliya yana ƙarƙashin rumfunan da suka kewaye dandalin Castelmorino, daidai saitin ƙofar kudu ta babban coci, don haka fiye da rabin rayuwata na yi ina murza fulawa ina kallon bayanta. Abin da ta yi wa mutane na gani, abin da aka yi mata ma na gani.

A gefen ƙofar nan akwai zaki na jan dutse, kwance, ya danne ɗan rago da ƙafafunsa na gaba. Tsaran cocin ne, ya doshi shekara ɗari tara. A da ginshiƙi ne zaune a gadon bayansa. Ginshiƙin ya tafi tun zamanin da ba wanda ya tuna, ya bar shimfiɗaɗɗen wuri kamar faranti. A nan ake ɗora kan akwatin gawar duk wanda aka haifa a gidajen dandali, in an fito da shi daga coci za a kai shi makabarta. A ɗora, a yi shiru gwargwadon addu'a ɗaya, a ɗauke. Mukan ce zaki ya sallame shi. Mutanen sabbin unguwanni ba su da wannan gata, su ta babbar ƙofa suke fita kai tsaye cikin mota. Mu kuwa ko ɗanmu ya tsufa a Jamus, sai an dawo da gawarsa zaki ya sallame shi.

Kafin a ɗora kowa sai an yi wa zaki wanka, kuma wankan gadon gidan su Zelinda ne. Kakarta ta yi, uwarta Dimma ta yi. Da khal ake yi, wato ruwan inabin da ya yi tsami, wanda kowane gida a nan ke da gangarsa a ɗakin sama. Da shi muke wanke tukunya, da shi muke goge taga, da shi muke kashe kwarkwata a kan yara, ba mu san wani abu da ya fi shi fid da datti ba. Dimma ɗan kaɗan take ɗigawa a bokitin ruwa ta shafa da tsumma. Da aikin ya zo hannun Zelinda sai ta ce wannan rowa ce, ita ba za ta yi wa mamaci surki ba. Zallansa take kwarawa, ta sa burushin wanke daɓe ta dirje kunnuwa, ta dirje haƙora, ta bi gashin wuyan nan lanƙwasa bayan lanƙwasa. Zaki ya yi ta haske, jansa ya koma ruwan hoda, mu kuma muna ta yabo. Har daga wasu garuruwa akan ce ba zaki mai tsabtar namu.

Mijinta Oreste a kamfanin tayil ya yi aiki, ƙura ta cinye masa huhu tun bai yi furfura ba. Ranar jana'izarsa ta dirji zakin nan har hannuwanta suka tsattsage. Ba su haihu ba, ba ta ƙara aure ba. Daga nan dutsen ya zame mata miji da ɗa. Yaron da ya kuskura ya hau shi, jiƙaƙƙen tsumma zai sha a ƙeya. Tattabarun dandali ma sun san tafiyarta.

Sannu a hankali ta gane cewa makami ne a hannunta. Ba a ɗora gawa a kan zakin da ba a wanke ba, kuma ba mai wankewa sai ita. Wanda ba ta so, ranar sai bayanta ya riƙe. Haka ta yi wa Artemio mai gyaran takalma, wanda ya shekara da shekaru bai taka coci ba, ya kuma taɓa ce mata kurar makabarta. 'Yarsa Aldina a gaban shagona ta tare ta.

"Don Allah, Zelinda. Ko shafawa ce kawai. Ni zan ɗauko miki bokitin."

"Bayana, 'yata. Ko sunkuyawa ba na iyawa."

"Jiya na gan ki kin ɗauki buhun gawayi."

"Ai shi ya ja mini."

Aka fita da Artemio ta babbar ƙofa kamar baƙo. Da yamma na ga Zelinda tana sharar gindin zaki, ta sunkuya har ƙasa.

Abu ɗaya take jira a duniya, kuma ba ta ɓoye shi: ranar da kanta zai kwanta inda na uwarta da na Oreste suka kwanta. Ta ɗinka baƙar rigar da za a sa mata, ta ware kwalbar khal daga gangar uwarta ta rufe bakinta da kakin zuma. Wata rana na tsokane ta na ce, "To wa zai yi miki wankan? Kin kore mu duka."

Ta ce, "Ni zan yi abina, Nerina. Ana gobe zan mutu zan sauko in wanke. In na bar miki, da ruwan taliya za ki yi."

Shekarar da aka sa cocinmu da dandalin cikin wuraren tarihi da duniya ke kiyayewa, gari ya yi biki kamar an ci yaƙi. Aka hana motoci shiga dandali, aka hana mu shanya a taga, aka zaɓa mana kalar da za mu shafa wa ƙyamarenmu. Hukumar adana kayan tarihi ta turo wata yarinya mai gajeren gashi da jakar goyo, Dottoressa Baraldi, wato Dakta Baraldi, ta duba duwatsun cocin ɗaya bayan ɗaya. Mutuniyar kirki ce, tana cin taliyata, tana gaida kowa. Laifinta ɗaya, ta ɗauka in ka faɗa wa mutane gaskiya baki ɗayanta za su ji baki ɗayanta.

Wata safiya ana shirin jana'iza ta iske Zelinda a bakin aiki. Warin ne ya fara tsayar da ita. Ta matso, ta ga dutsen yana ƙananan kumfa a ƙarƙashin burushi, sai na ga fuskarta ta sauya.

"Signora, mene ne a bokitin nan?"

"Khal. Na gida, ba na kanti ba."

"Tun yaushe kike sa masa?"

"Tun ba a haife ki ba. Matsa, kina tare mini haske."

Dottoressa ta durƙusa, ta shafa bakin zakin, ta duba yatsanta. Ya yi hoda-hoda kamar ta taɓa gari.

Aka tara mu a zauren gari. Ta haska mana wani tsohon hoto a bango, na zamanin Dimma: ga zaki da haƙora, da ƙwayar ido, da gashin wuya a nannaɗe, ɗan ragon ma har da kunnuwa. Sannan ta haska na yanzu. Fuska sumul, ba baki ba ido, kamar sabulun da ya kusa ƙarewa. Kullum muna wucewa ta gabansa, amma sai ranar muka gani. Ta ce irin dutsen nan tsami ke narkar da shi. Ta ce hayaƙin motocinmu ya ci nasa, kashin tattabarun da muke watsa wa burodi ya ci nasa, gishirin da muke barbaɗawa lokacin ƙanƙara ya ci nasa, nauyin akwatunan da muke ɗorawa ya tsaga bayan, khal kuma ya ƙarasa fuskar. Daga ranar ba mai sake taɓa shi, za a kewaye shi da shingen ƙarfe.

A cikin duk wannan jawabi kalma ɗaya mutanenmu suka ji. Tun kafin a tashi wani daga baya ya ce, "Ashe salak take haɗawa da shi." Zauren ya kwashe da dariya. Zelinda na zaune a layin gaba da jakarta a cinya, ba ta waiwaya ba. Daga ranar sunanta ya ɓace, sai Mai Salak.

Da abin ya tsaya a dariya da ya yi sauƙi. Amma farkon wadda ta mutu bayan an kafa shingen ita ce Iride, matar Ermete Gibertoni mahauci. Ermete shi ne shugaban masu ɗaukar gawa na dandali. Shi ke riƙe gaban akwati, da hannunsa ya ɗora kan iyayenmu duka a bayan zakin nan. Iride kuwa a saman shagonsu aka haife ta, ba ta taɓa kwana nesa da ƙarar ƙararrawar coci ba. Suka fito da ita ta ƙofar kudu bisa sabo, suka yi cirko-cirko gaban shinge. Ermete ya kalli mai gadin da hukuma ta ajiye.

"Buɗe mana, ɗana. Addu'a ɗaya ce."

"Ba ni da mabuɗi, Signor Gibertoni. Ko da ina da shi, aikina zan rasa."

Ya juya ga fadan cocinmu, Don Ilario. Don Ilario ya kalli ƙasa. Ƙaton mutum mai sassaɓa alade shi kaɗai ya tsaya da matarsa a kafaɗa yana roƙon yaro, hawaye na bin gemunsa. A daidai lokacin Zelinda ta ɓullo daga lungu da bokitinta. Har yau ban san abin da ta zo yi ba. Ina jin ƙafafunta ne suka kawo ta, don sun saba, in ana jana'iza a dandalin nan can suke kai ta. Aldina 'yar Artemio ce ta sa ƙafa ta hamɓare bokitin. Khal ya malale a kan duwatsun dandali, warinsa ya raka Iride har bakin mota.

Bayan wannan gari ya sa ta gaba. Ba wanda ya taɓa lafiyarta, mu ba haka muke ba. In ta shiga gidan burodi sai hira ta mutu. In ta zauna a benci a coci sai a bar mata shi ita kaɗai. Da safe takan tarar da ganyen latas a bakin ƙofarta, wani lokaci har da yankan albasa a jere. Yaran da ta taɓa maka wa tsumma, waɗanda yanzu su ne masu gemu, su suka koya wa 'ya'yansu su riƙa yi mata gurnani in ta wuce. Mutanen da suka yi ta yaba hasken zaki kowa ya ce shi dama ya daɗe yana zargi. Wannan ƙaryar ce ta fi ƙona mini rai, don na san bakin da bai yaba ba a dandalin nan, babu.

Ita kuwa ba ta ba kowa haƙuri ba. Da na kai mata romo na ce ta je ta yi wa Ermete ta'aziyya, sai ta ce, "In ce masa me? Na wanke wa uwarsa, na wanke wa ubansa, lokacin bai ce ya yi tsami ba." Amma jikinta ya nuna abin da bakinta ya ƙi faɗa. Ta rame. Kullum da hantsi takan zo ta kama ƙarfen shingen ta tsaya. 'Yan yawon buɗe ido suna ɗaukarta hoto, sun ɗauka addu'a take yi.

Dottoressa kaɗai take wa magana, kuma maganar ɗaya ce. Duk inda ta gan ta, a kan tsani ko a bakin shagona, sai ta tare ta.

"Ba ni da nauyi, 'yata. Dube ni. Kaina kawai za a ɗora."

"Signora, ba a hannuna yake ba."

"Mijina yana can yana jira. In na zo ta wata ƙofa ba zai san na zo ba."

Matar da ta sa Aldina roƙo a titi, yau ita ce ke bin sa'ar jikarta tana kama mata hannun riga. Wasu sun ji daɗin ganin haka, suna fitowa ƙofar shago musamman don kallo. Ni kunya ta kama ni, na riƙa juya wa taga baya.

Yarinyar nan abin ya tsaya mata a rai. Ta yi ta sintiri wurin manyanta a birni har suka yarda: sau ɗaya, na ƙarshe, ga matar da gidansu ya riƙe al'adar, da sharaɗin a shimfiɗa bargo mai kauri, ba wanka, ba ɗigon komai. Lokacin sanyi ya shigo, Zelinda ta riga ta kwanta ciwon ƙirji. Ina ɗakinta lokacin da Dottoressa ta kawo mata labari. Zelinda ta kalli rufi ta ce, "Ba wanka? To, ai na wanke shi da yawa, zai kai." Ban taɓa jin ta yi wasa ba sai ranar.

Dottoressa da murnarta ta sauko ta faɗa a gidan shan kofi, tana zaton za a ce madalla. Aldina ce ta fara magana.

"Wato wadda ta cinye shi ita za a buɗe wa."

"Ita ce ta ƙarshe a gidansu, shi ya sa..."

"Iride fa? Ita ta nawa ce a gidansu?"

Kowa ya saci kallon Ermete. Yana tsaye jikin kanta yana juya cokali a kofi. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ku bar yarinya, ta yi ƙoƙari." Ya shanye kofinsa ya fita.

Washegari ya hau benen Zelinda da kansa, da ƙunshin ƙashin miya a hannu. Ina zaune ina ba ta ruwa. Ya cire hula, ya tsaya a bakin gado.

"Na ji labari, Zelinda."

"Ka ji." Ta yi tari. "Ermete, kai ne gaba?"

"Wa ke gaba in ba ni ba?"

"A hankali za ka sauke. Gefen hagu ya fi tudu, kan yakan zame."

"Ni za ki koya wa?"

Ta miƙa masa hannu, ya karɓa. Da ya fita ta ce mini, "Kin gani? Mahauci ne, amma ɗan dandali ne." Daga ranar ta samu barci. Ta sa na ciro baƙar rigar na rataye inda za ta riƙa ganinta, kwalbar nan mai kakin zuma kuma ta ce in riƙe, tunda ba ta da sauran amfani. Ba ta ƙarasa makon ba.

Ranar jana'izar cocin ya cika maƙil, har da waɗanda rabonsu da shi tun aurensu. Na yi mamaki, na kuma ji sanyi a raina, na ce ashe mutanenmu suna da sauran kunya. Don Ilario ya yi gajeren wa'azi a kan yafiya. A waje Dottoressa ta buɗe ƙofar shingen tun da wuri, ta shimfiɗa bargo mai ruwan toka a bayan zaki, ta gyara gefen hagu da hannunta don na gaya mata. Ta sa baƙin kaya, ta tsaya a gefe da mabuɗi.

Masu ɗaukar gawa suka fito da Zelinda ta ƙofar kudu, Ermete a gaba. Jama'a suka dare, suka bar hanya har bakin shingen. Ya taka a hankali ya nufi zakin, ya zo daidai ƙofar da aka buɗe, ya tsaya. Tsakanin akwatin da bargon bai fi tsawon hannu ba. Ya tsaya nan da ita a kafaɗa, daidai inda ya tsaya da Iride, ya daɗe kamar yadda ya daɗe ranar.

Dottoressa ta ce a hankali, "Bismillah, Signor Gibertoni. A buɗe take."

Ya ce, "Na gani, 'yata."

Ya gyara akwatin a kafaɗarsa, ya juya, sauran suka juya tare da shi ba tare da ya ce musu komai ba, suka miƙe zuwa mota. A nan na gane sun gama maganarsu tun kafin ranar, na kuma gane abin da ya cika cocin: wannan suka zo kallo. Na ce, "Ermete, ai ka karɓi hannunta." Bai waiwayo ba. Don Ilario ya bi bayansu da littafinsa. Ba a yi dariya ba, ba a yi gurnani ba. Jama'a suka bi gawa cikin natsuwa da ladabi, wasu har da share ido.

Ban bi su makabarta ba. Dandali ya watse, ya rage ni da Dottoressa da zakin da ba shi da fuska, lulluɓe da bargo. Tana tsaye da mabuɗin a hannu, ta kasa rufewa, ta kasa ɗauke bargon. Can wasu baƙi suka sauko daga motar yawon buɗe ido, suka kewaye shingen suna ɗaukar hoto. Wata mata mai jar hula ta matso kusa da ni da murmushi, ta haɗa 'yan kalmomin da ta iya na yarenmu, ta tambaye ni ko al'adarmu ce mu lulluɓe zaki in ana sanyi.

Na ce mata eh, al'adarmu ce. Na koma shago, ƙulluna ya riga ya bushe.